Launin Jannat

Shafi na 27

Masu cewa Mu'mina ta cika sanyi, har da wadda ta rubuto mini wai da ita ce da tuni ta bar gidan nan, to ku gyara zama. Wannan shafin kuwa na sadaukar da shi ga duk uwar da ta taɓa zaman bencin asibiti tana jiran ledar jini.

* * *

Keke napep na sauke su a bakin layinsu na Gamboru, ƙamshin humra ya daki hancin Mu'mina tun daga ƙofar gida. Mutum ɗaya ke da irin wannan humrar duk dangin mijinta.

"Mama, Kaka ta zo!" in ji Jannat.

"Na ji, 'yar gidana. Muje."

Ta ƙara damƙe hannun yarinyar, ɗaya hannun kuma riƙe da ledar maganin da suka karɓo a asibiti.

Hajja Zainaba, uwar Kashim, tana zaune kan darduma a inuwar darbejiya, ta naɗe cikin lafaya ruwan goro, fara sol da ita kamar yadda ta gado wajen uwarta Bashuwa. Gefenta wata jaka ce a ɗaure tam. Kallo ɗaya Mu'mina ta yi wa jakar ta hango hannun rigar Islamiyyar Jannat ya leƙo.

Shi kuwa Kashim, mutumin da ko Juma'a da ƙyar yake rufe shagonsa na Kasuwar Kwastam, yau ga shi a gida da rana tsaka, ya rakuɓe jikin bango kai a ƙasa.

Mu'mina ta durƙusa.

"Nda dubdo, Hajja. Sannu da zuwa."

Hajja ba ta amsa da Kanuri ba. Da ma tun ranar da aka kawo Mu'mina daga Biu, Hausa take mata, wai kar ta ɓata mata yare.

"Kin dawo? To madalla. Na haɗa kayan jikata. Yau a gidana na Yerwa za ta kwana, kuma ta koma wajena ke nan."

"Hajja, gobe ne fa ƙarin jininta."

"An fasa."

"Wa ya fasa?"

"Ni na fasa. Jiya da ƙafata na je makarantar da baƙar ƙawar nan taki take koyarwa. A gaban yaran ajinta na gaya mata, kar ta kuskura ta sake bai wa jikata jini. Ita da 'yan cocinsu duka, kowa ya riƙe nasa."

Mu'mina ta ɗago ta kalli surukarta.

Jama'a, Dorothy fa! Dorothy da suka taso layi ɗaya a Biu. Jannat da sikila aka haife ta, kuma tun ranar da ɓarin jikinta na hagu ya so shanyewa tana shekara biyar, likitoci suka ce dole a riƙa yi mata ƙarin jini wata-wata, in aka tsallake abin na iya dawowa, kuma in ya dawo ba lalle ya sake ta ba. Ga shi jinin yarinyar irin mai wuyar samu ne. Duk dangi an gwada, babu wanda nasa ya yi. Dorothy ce nata ya dace, ita ta bi mutanensu ɗaya bayan ɗaya har ta samo wasu masu irinsa, suke karɓa-karɓa. Wannan zuwan kuma layin ya zagayo kanta.

Ita ce aka je aka ci wa mutunci a gaban ɗalibai.

"Baban Jannat," ta juya ga mijinta, "da saninka?"

Kashim ya sosa ƙeya. "Yanzu nake ji ni ma."

"Ka ce me?"

Sai ya ƙara sunkuyar da kai. Kai, wannan bawan Allah akwai ban haushi!

Hajja ta janyo Jannat, ta ɗaga hannun yarinyar ta jera da nata.

"Ke duba nan. Yarinyar da aka haifa kamar an wanke ta da madara, ranar suna mata na rububin ɗaukarta. Yanzu fa? Baƙi ba baƙi ba, toka ba toka ba, kamar gindin tukunya. Ana ɗura mata jinin baƙaƙen mutane, ba dole ta koma su ba? Yau fata ce, gobe hali ne, jibi sai addini!"

"Hajja..."

"Ban gama ba! Ni da aka yi mini aikin ciki shekara biyu da suka wuce, ba jini aka ƙara mini ba? Amma na wa? Na ɗana, Kashim! Kin ga na canza? Jinin gida daban ne."

Tari ya sarƙe Kashim. Ya tashi ya nufi randa, ya ɗebi ruwa ya yi ta sha kamar wanda ya yini a gona. Mu'mina ta bi shi da ido, amma ba ta da lokacinsa yanzu.

Shekara tara tana haɗiye maganganun matar nan. An ce ita ta kawo musu ciwo cikin zuri'a, ta yi shiru. An ce rashin iya raino ne, ta yi shiru. Yau dai shirun ya ƙare, don gadon asibitin da aka ware wa 'yarta gobe shi ake neman wofintarwa.

Ta miƙe tsaye.

"Hajja, daga wajen likita muke. Kuma maganar fatar nan na kai masa, tunda kin hana ni sakat."

"Me ya ce?"

"Ya ce ƙarin jinin ne ya kawo shi."

Hajja ta tafa hannu. "Allahu Akbar! Kashim, ka ji da kunnenka ko? Da bakinta ta faɗa!"

"Ki bari in ƙarasa. Ya ce jinin kowa. Ko na Balarabiya aka sa mata, ko naki, ko na baturiya, haka za ta yi. Kowace ledar jini da sinadarin ƙarfe take zuwa, jiki kuma ba ya iya fitar da shi da kansa. Sai ya yi ta taruwa. Na fata shi ne wanda ido ke gani. Wanda ya taru a hanta da zuciya shi ne abin tsoro."

"Ƙarfe kuma? A jikin mutum? Ke ki raina wa wani hankali."

"Ga maganin wanke shi nan an ba mu." Ta ɗaga ledar. "Kullum za ta riƙa sha, yana fitar da ƙarfen a hankali. Ba a fasa jini ba, Hajja. Jini da magani tare za su tafi."

Hajja ta ja tsaki ta kau da kai.

"Amma akwai tambayar da likitan ya yi mini na rasa amsa," in ji Mu'mina. "Sai da kunya ta kama ni a gabansa."

Kashim ya ajiye moɗa.

"Wace tambaya?"

"Jannat, zo nan. Buɗe bakinki Baba ya gani."

Yarinyar ta zo ta wangale baki. Mu'mina ta ɗaga leɓenta na sama. A gindin haƙoran, can kusa da dasashi, wani baƙin zane ne ya bi su reras.

"Na yi ta dirzawa da buroshi, na ɗauka alewa ce. Likita na gani ya ajiye bironsa. Ya ce Maman Jannat, wa ke bai wa yarinyar nan maganin ƙarin jini na kwalba? Na ce babu. Ya ce akwai, irin wannan zanen aikinsa ne. Ya ce maganin nan ƙarfe ne zalla. Yarinyar da ƙarfe ya riga ya yi wa yawa, ana ƙara mata wani da cokali."



Mu'mina ta tsuguna daidai tsawon 'yarta.

"Faɗa wa Baba abin da kika faɗa mini a keke."

Jannat ta kalli kakarta, ta kalli ƙasa.

"Kaka ta ce sirrinmu ne."

"Babu wanda zai dake ki. Faɗa."

"In na je hutun Asabar tana ba ni safe da yamma. In ta zo nan ma tana ba ni a bayan ɗaki. Mai zaƙi ne, ja. Yana cikin jakarta, ta naɗe shi da ɗankwali."

Hajja ta kai hannu kan jakar hannunta da sauri. Ai kuwa hannun ne ya tona ta.

Kashim ya tako a hankali ya durƙusa gaban uwarsa.

"Ya Hajja, ba ni jakar."

"Kashim, ni za ka caje?"

"Don Allah ki ba ni."

Ba ta ba shi ba, ba ta kuma hana ba. Ya zuge jakar ya zaro ƙunshin ɗankwali. Kwalba ce doguwa, saura kaɗan a gindinta, bakin duk ya yi danƙo.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin bara." Muryar Hajja ta sauka, amma ba ta rusuna ba. "To laifi na yi? Yarinya an ce ba ta da jini. Na je kemis na ce a ba ni maganin jini mafi ƙarfi. Na ce in ta yi nata jinin, ta huta da na bare. Duk mai jego a Yerwa shi take sha. Ni ma shi na sha na miƙe."

"Ke ba sikila gare ki ba, Hajja," in ji Mu'mina. "Ciwonta ba rashin ƙarfe ba ne. Likita ya ce da mun ƙara sakaci, zuciyarta ce za ta fara gazawa."

"Zuciya?"

"Zuciya."

Hajja ta kalli kwalbar da ke hannun ɗanta kamar yau ta fara ganinta.

Mu'mina ta ɗauka in wannan ranar ta zo za ta yi ihu, ta amayar da duk abin da ta tara. Sai ta ji ba ta buƙata. Gaskiya ce ta tsaya mata, kuma daɗin da ta ji a ranta ba ta taɓa jin irinsa ba tun da ta shigo gidan nan.

Sai Jannat ta taso. Ta matsa jikin kakarta ta taɓa lafayarta.

"Kaka, don na yi baƙi ne ba kya sona kamar da?"

Wayyo Allah! Ko dutse ne ai ya tsage.

Hajja ta fizgo yarinyar ta rungume, kuka ya ƙwace mata. Ta shiga sambatu da Kanuri, tana shafa kan Jannat, tana sumbatar hannun nan da ta gama kushewa.

"Wa ya ce ba na sonki? Wa ya faɗa miki? Ni da nake neman kashe ki da hannuna ban sani ba! Astagfirullah, astagfirullah..."

Kashim ya miƙe. Ya je bakin kwata ya tuntsurar da sauran maganin, ya dawo ya kwance jakar kayan Jannat ya miƙa wa matarsa.

"Mayar mata da kayanta ɗaki."

Sannan ya juya ga uwarsa, a karo na farko tun aurensu Mu'mina ta ji muryarsa ba ta lanƙwasa ba.

"Ya Hajja, ki gafarce ni. Jannat ba inda za ta je. Gobe da safe asibiti za mu kai ta. Daga yau kuma ko ruwan rubutu ne, sai uwarta ta sani."

Mu'mina ta rungume jakar a ƙirjinta. Da ba don kunyar suruka ba, wallahi da ta rangaɗa guɗa.

Amma murnar ba ta je ko'ina ba, sai ta tuna.

"Asibitin da wane jinin, Baban Jannat? Tun safe nake kiran Dorothy ba ta ɗauka. Yanzu na gane dalili."

Duk suka kalli Hajja.

Tsohuwar ta share ido da bakin lafaya. Ta ja carbinta. Can ta dafa kafaɗar ɗanta ta miƙe.

"Ina ne gidan nata?"

"Wulari," in ji Mu'mina.

"Ku kai ni. Bakin da ya ɓata, shi zai gyara."

* * *

La'asar ta yi sanyi lokacin da keke ya tsaya da su a ƙofar wani gidan haya mai jan ƙyaure. Duk tsawon hanya Jannat sai ƙirga kekunan da suka wuce su take yi.

Mu'mina ta tsaya a bakin ƙyauren. In Dorothy ta ce ta fasa, wa zai ga laifinta? Sauran masu bayarwar duk ba su daɗe da bayarwa ba, ba za a karɓi nasu yanzu ba.

Ta ƙwanƙwasa.

Dorothy ce ta buɗe da kanta, doguwa, baƙa wuluk mai sheƙi, ɗaure da zani, ta yafa tawul a kafaɗa. Ta kalli Mu'mina, ta kalli Kashim, idonta ya sauka kan Hajja ya tsaya.

"Anti Dorothy!" Jannat ta ruga ta ƙanƙame ta.

"A hankali, 'yata, a hankali. Kar ki fama mini hannu."

Tawul ɗin ya zame. A lanƙwasar hannunta na hagu, auduga ce manne da filasta.

Mu'mina ta dafe ƙirji.

"Dorothy... kin..."

"Ana tashi daga makaranta na wuce asibiti. Jinin yana can a firjinsu da sunan Jannat a jiki. Wayar kuwa na ƙi ɗauka ne don kar ki sa ni kuka, haushi nake ji."

Mu'mina ba ta san lokacin da ta faɗa jikinta ba. Tana kuka tana dariya, tana faɗin Alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa. Gadon gobe ya tabbata. Jininsu na nan, maganinsu na nan, 'yarta kuma a ɗakinta za ta kwana.

Dorothy ta bubbuga bayanta, amma idonta na kan tsohuwar.

"Mama, sannu da zuwa. Yau ma kashedin ne aka biyo ni da shi har gida?"

Hajja ta gyara lafaya, ta yi gyaran murya har sau biyu.

"Wushe, sannu, 'yata. Na zo ne... abin da na yi jiya, ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

"Na ji, Mama. Amma ki sani ba don ke na bayar ba, kuma ba don ke zan fasa ba. Yarinyar nan a hannuna aka yanke mata cibi."

"Haka ne. Allah ya biya ki." Hali dai ba ya barin mai shi rana ɗaya, sai ga shi ta ƙara da ƙaramar murya, "Likita ya ce wai ƙarfe ne. To, na karɓa. Sai dai ni a raina, da za a samu na gida, irin yadda ɗana ya ba ni nasa, da hankalina ya fi..."

Dorothy ta saki wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Mama, miƙo hannunki."

"Na'am?"

"Miƙo dai."

Hajja ta miƙa. Dorothy ta jera nata mai filastar kusa da shi, fari sol da baƙi wuluk.

"Shekara biyu ke nan da aikinki, ko? Duba da kyau. Kin ga inda ya yi duhu?"

"Dorothy!" Kashim ya matso da sauri, zufa ta karyo masa. "Don girman Allah, ba yanzu ba. Mun yi alkawari."

"Mun yi, Baban Jannat, kuma na riƙe maka. Amma jiya a gaban yaran da nake koyarwa aka kira jinina ƙazanta. Alkawarin ya tsaya a nan."

Mu'mina ta saki ƙawarta, tana kallon mijinta baki buɗe. Sai yanzu tarin nan na bakin randa ya dawo mata.

"Wane alkawari?" in ji Hajja. "Me kuke ɓoye mini?"

"Ranar da kike kwance ba ki san inda kanki yake ba, ɗanki ya miƙa hannu aka gwada, aka ce nasa bai dace da naki ba. Ni ya kira yana kuka. Ya roƙe ni kar ki taɓa sani, don ya san halinki." Dorothy ta ɗora yatsa kan filastar. "Ledar da aka rataya miki, Mama, daga wannan jijiyar ta fito."

Carbin Hajja ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Ta kalli farin hannunta. Ta juya shi ciki da baya. Sannan ta waiwaya a hankali.

"Kashim. Ɗago ka kalle ni."